Riga Mai Faɗin Hannun Hagu

Ba a barin dangi su shiga ɗakin wankin ƙoda. Benci aka ajiye musu a baranda, shi ma ƙafarsa ɗaya rawa take yi, har sai da Kafinta ya gaji ya zo da guduma da ƙusoshi daga shagonsa ya ɗaure shi. A kan bencin nan yake wuni duk ranar da ya kawo matarsa. Ƙofar ɗakin tana da ɗan gilashi daidai fuskar mutum, kuma da babu gilashin nan da hankalinsa ya fi kwanciya.

Abin da ake hangowa ba yawa. Gadaje a jere, kowanne da injinsa a gefe, robobi jajawur suna fita daga hannun mutum su shiga inji su dawo. Maza gefe guda, mata gefe guda, labule a tsakani. Sai dai labulen ya gaza, bai kai bango ba, kuma daidai inda ya ƙare nan gadon Inna yake, na wani da ake kira Tela yana kallonsa. Inna ita ce matar Kafinta. 'Ya'ya ne suka sa mata sunan, shi ma ya bi bakinsu tun suna ƙanana.

Tela ya riga kowa fara wanki a ɗakin. Matarsa ta rasu, yara sun watse, amma ciwo bai hana shi guga da turare ba. Ga baki. Da an soka masa allura zai fara zuba, har Sista, babbar mai jinyar ɗakin, takan ce ya sassauta ta ji ƙarar injinta. Inna kuwa, wadda a gida sai Kafinta ya yi ta maimaita magana kafin ta ce uffan, a can dariya take yi har tana toshe baki da gefen mayafi.

'Yan ɗakin suna da gaisuwarsu. Ɗaya zai ce, "Ya kyanwa?" ɗayan ya ce, "Tana minshari." Kyanwar ita ce haɗin jijiyoyi biyu da likita ke yi a hannu, mai kawo jini da mai mayar da shi, don a sami inda za a riƙa soka allurar wanki. In ka ɗora yatsa a wurin za ka ji tana ɗan ƙugi, kamar mage ta ƙoshi ta kwanta. An gaya wa kowa ya taɓa tasa da safe, in ya ji shiru ya garzayo asibiti. Daga nan suka ɗauka cewa duk wanda tasa ta fi ƙara ya fi kowa lafiya. Ta Inna kuwa babu kamarta. Mata har zuwa suke su taɓa, su ce Allah ya ba su irinta.

Ba da sauƙi ta same ta ba. Ta daɗe da robar wanki a wuya kafin nan, zazzaɓi yana kayar da ita a kai a kai, an cire an mayar, an cire an mayar. An gwada haɗin a hannun dama ya mutu. Na hagu ne ya kama. Ranar da aka zare mata robar wuya ta yi kukan daɗi, Kafinta yana riƙe da jakarta. A lokacin shi take kallo.

Yanzu kuwa ya rasa gane mata. Da safe takan tashi fuska a kumbure, idon hagu ja, ta ce kanta ne. Ta daina kwanciya a miƙe, sai ta tara matasai ta jingina. Wata rana da hantsi ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Malam, don Allah rage rediyon nan."

Rediyo na kan tebur a kashe. Ya ce a ransa, to, motsina ma ya zama hayaniya. Ya kawo mata shayi, ta miƙo hannun dama ta karɓa, kofi ya suɓuce ya fashe, ta tsaya tana kallon hannun kamar na wani. Wani lokaci za ta soma magana ta tsaya a tsakiya, ido a kansa, baki a buɗe, can ta ce bar shi kawai. Abin da ya fi ci masa rai, ta koma rufe ƙofa in za ta sauya kaya. Matar da suka aurar da 'ya'ya tare.

Namiji in ya ga haka ba asibiti yake fara tunawa ba. Kafinta ya zauna da mutane, ya shiga gidaje da yawa yana kafa ƙofa da gado, ya san irin shirun da mace ke yi in hankalinta ya koma wani wuri. Bai taɓa zaton abin zai biyo shi har furfura ba.

Sai ga riga. Inna ta fito daga ɗakin wanki da leda a hannu, bai tambaya ba, ita ma ba ta ce ba. Washegarin da za su koma ya gan ta a jikinta, shuɗiya, doguwa, ɗinki mai kyau ba laifi. A hannun hagu an yi ɗan zif daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. In aka zuge sai wurin allura kaɗai ya bayyana, sauran jiki a rufe.

"Wa ya ɗinka?"

"Tela mana. Duk 'yan ɗakin yake yi wa. Sanyi ya yi yawa a ciki, kuma ba sai mutum ya yi ta naɗe hannun riga a gaban maza ba. Har Sista ta yaba."

"Ni na zata teloli sun ƙare a unguwarmu."



Ranar da aka wanke rigar aka shanya ta a igiya, ya fito zai tafi shago, ya tsaya. Idon da ya saba gane karkatacciyar ƙofa daga nesa ba zai rasa wannan ba. Hannun hagu ya fi na dama faɗi, ba kaɗan ba, tun daga kafaɗa. Ya ciro tef daga aljihu ya gwada, ya sake gwadawa. Tela irin wancan ba ya kuskuren hannu. In ya faɗaɗa, to awo ya bi. Ke nan hannuwan matarsa ba ɗaya ba ne, shi mijinta bai sani ba, wani ƙato mai turare ya sani har da ma'auni.

Ya ciro rigar a jiƙe ya shiga da ita.

"A ina ya auna ki?"

Tana jingine, ido a lumshe. "Wa?"

"Kin san wa. A kan gado ne, ko shago kika bi shi?"

"Kai Malam, da tsufanka? Ji abin da kake faɗa. Mutumin da ko fitsari ba ya yi, shi kake wa kishi?"

"Ban tambaye ki fitsarinsa ba. Nuna min kafaɗar."

"Ba zan nuna ba."

"Shi kin nuna masa."

Ta buɗe ido, ta ɗaga yatsa za ta wanke shi tas kamar yadda ta iya tun suna da ƙuruciya. Bakin ya motsa, maganar ta ƙi fita. Ta sake gwadawa. Daga ƙarshe ta juya fuska bango. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

Bayan azahar ya nemi shagon Tela, bai sha wuya ba, mai baki ba ya ɓuya. Ɗan ɗaki ne a bakin titi, keken ɗinki ɗaya, tebur cike da ƙyalle da alli, fanka tana juyawa a kasalance. Tela na zaune da tef a wuya, hannunsa na wanki duk ƙululai kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata.

"A'a, mai benci! Yau kai ne a gidanmu? Zauna, sai dai kujerar tawa ma tana buƙatar ƙusa."

Kafinta bai zauna ba. Ya jefa rigar a kan keken.

"Kai ka auna matata?"

Tela ya dube shi, ya dubi rigar, ya fashe da dariya har da tari. "Wallahi ka girmama ni. Rabon da a yi kishi da ni tun ina da gashi."

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"To kwantar da wuƙar. Ban taɓa ko gefen mayafinta ba." Ya jawo aljihun keke ya ciro zare fari mai ƙulli a jiki. "Da kanta take zagaya damtsen da zare ta ƙulla ta miƙo min. Kwanan baya ma ta kawo sabo, ya fi wannan tsawo. Wata rigar nake yanka mata."

"Hannun kumbura yake yi ke nan."

"Yana ɗan cika. Kafaɗa ma jijiyoyi sun fito kore-kore har ƙirji, in ji ta. Ƙarfi ne ya yi wa kyanwar yawa. Ka san tata har a kunne take jin ta? Dare da rana, fuu, fuu. Mu namu sai mun laluba."

Kafinta ya ji kamar an mare shi. Har ƙirji, in ji ta. Ga kuma rediyon da aka ce ya rage.

"Ta gaya maka abin da ke kunnenta, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban sani ba?"

"Kai kana da ƙoda, Malam. Me za ta gaya maka?" Tela ya faɗa ba da gatse ba, wannan ne ma ya fi zafi. "In ta gaya maka, gobe kana ofishin likita. Mu a ɗakin nan mun ga abin da ya faru da masu kai ƙarar kumburi. Ɗaure jijiyar ake yi, a mayar da mutum robar wuya. Akwai mai sayar da takalma da aka yi wa haka, bai ga ƙarshen shekara ba. Shi ya sa muke rufa wa juna asiri. Zif ɗin nan ba don ado na ƙirƙiro shi ba. Sista ta zuge, ta soka, ta tafi. In inji ya fara kuka, na koya mata yadda za ta ɗan karkata hannu ya yi shiru."

"Ka koya mata."

"Yanzu ka shigo cikinmu. Ka riƙe bakinka, don ita. In aka ɗaure hannun nan ta dalilinka, ba za ta yafe maka ba, ni na gaya maka."

Kafinta ya ɗauki rigar ya fita ba sallama. A hanya ya yi ta juya maganar. Bai san komai game da jijiya ba, mai yiwuwa ma Tela ne da gaskiya, shi da ya shekara da shekaru a kan inji. Ya tuna zazzaɓin da ta sha a baya, yadda haƙoranta ke haɗuwa yana lulluɓa mata bargo a kan bargo. Amma duk inda ya kai tunanin, wuri ɗaya yake dawowa. Sirri ne a jikin matarsa, wani ne ke riƙe da makulli, yau kuma an ba shi izinin tsayawa a bakin ƙofa ya yi gadi. Wannan ne ba zai haɗiye ba.

Ranar wanki ya raka ta har ƙofa kamar kullum, ya zauna a benci, ya jira har ya hango Sista ta jawo tirenta zuwa gadon Inna. Sai ya tura ƙofar ya shiga da takalmansa.

"Baba, ba a shigowa nan," in ji Sista.

"Na sani, 'yata. Kafin ki soka, ki sa ta cire rigar nan ki duba kafaɗa."

Wani daga gadajen maza ya ja tsaki. Tela ya ce a hankali, "Haba Malam."

"Kai kuma ka yi min shiru, ba matarka ba ce."

Inna ta yunƙura ta zauna. Fuskarta ta yi jawur don fushi, ta nuna shi da hannun dama, hannun ya faɗi a cinya. Ta buɗe baki, abin da ya fito ba zagi ba ne, ba magana ba ce, wasu guntayen sauti ne da ba su haɗu da juna ba. Ita kanta ta ji, idonta ya cika da tsoro.

Sista ta ajiye allurar. Ta ja labule ya zagaye gadon, ta leƙo ta ce wa wata ma'aikaciya ta kira likita yanzu, ba anjima ba. Ba ta kori Kafinta ba. A nan, cikin labulen asibiti, ya ga kafaɗar matarsa. Damtse ya yi kamar turmi, fata tana sheƙi, jijiyoyi sun bazu daga wuya zuwa ƙirji kamar saiwa.

"Mama, tun yaushe?" in ji Sista. "Ni kullum ina tambayar ki kina ce min lafiya lau."

Aka yi hoton kai, aka yi na ƙirji. Da yamma Likita ya zaunar da su, mutum ne mara gaggawa, ya zana musu a bayan takarda.

"Jinin da ke fitowa daga hannun nan da ƙarfi, akwai babbar jijiya a ƙarƙashin ƙashin wuya da yake bi ya koma zuciya. Robar da ta daɗe a wuyanki ta ji mata rauni, raunin ya warke ya tsuke ta, yanzu ta toshe. Jini bai da hanya, sai ya juya ya hau ta wuya zuwa kai. Shi ne ciwon kan, shi ne jan idon, shi ne maganar da ke kakarewa da hannun da ke saki. In aka bari, farfaɗiya na iya biyo baya, ko jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, ko ido ya tafi."

"Ba ƙarfi ba ne ke nan," in ji Kafinta.

"Ƙarfin ne ke cutar da ita. Gobe za mu gwada zura siririyar waya mu buɗe wurin. In ta buɗu, hannun ya tsira. In ta ƙi, sai ɗauri."

Inna ta girgiza kai. Kalma ɗaya ta samu, ta yi ta maimaita ta. "A'a. A'a."

Likita bai yi musu da ita ba. Ya ce ta miƙo hannun. Ya ɗora babban yatsa a kan haɗin ya danna, ya riƙe.

"Me kike ji a kunne yanzu?"

Ta tsaya cak. Ta karkata kai kamar mai sauraron sallama daga nesa. Hawaye suka zubo mata. Ya ɗaga yatsan, ta runtse ido ta kai tafin hannu kunne. Da kanta ta kamo yatsan nasa ta mayar.

Jijiyar ba ta buɗu ba. Sun yi iya yinsu, wayar ta ƙi wucewa. Aka ɗaure haɗin, aka sa mata roba a ɗaya gefen wuyan, Likita ya ce in jiki ya huta za a nemi wani wurin a yi sabon haɗi, bai yi alkawarin zai kama ba.

Kumburin ya fara saɓewa tun a gadon asibiti. Idon ya washe. Ta riƙe cokali da hannun dama bai faɗi ba. Tana amsa wa Sista, tana amsa wa 'ya'yanta a waya, gajeru-gajeru amma daidai. Kafinta kaɗai ne ba ya samun ko kallo. In ya kawo ruwa sai ta bari ya ajiye ya juya baya kafin ta ɗauka. A baranda ma 'yan ɗakin sun daina gaishe shi, matansu da mazansu suna zama a bencin da ya gyara suna juya masa ƙeya. Haka aka sallame su, haka suka yi kwanaki a gida, yana ta kai da kawo kamar baƙon da ya wuce lokacinsa.

Wata safiya yana tsugune a tsakar gida yana fere ƙafar kujera, ya ji ta daga ƙofar ɗaki.

"Malam."

Ya ajiye abin hannunsa. Tana tsaye, farin bandeji a wuya, ta dafa bango.

"Kada ka ɗauka ban sani ba. Ba don lafiyata ka shiga ɗakin nan ba, kishinka ne na banza ya kai ka, ka tsaya gaban maza da mata ka ce a tuɓe ni, ka jawo aka kashe min hannun da na sha wuya kafin in samu, yanzu ga ni da roba kamar akuyar da aka ɗaure, kullum ina jiran zazzaɓi. Wannan tsakanina da kai ne, kuma ban gama ba. Amma ba shi na fito faɗa maka ba."

Yana kallon bakinta. Ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba. Rabon da ya ji ta jero magana haka har ya manta, ya ji ƙwalla na neman kunyata shi.

"Ina jin ki, Inna."

"Tela ma kunnensa ya fara. Jiya ya gaya min, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Duk ɗakin babu mai iya buɗe baki, ni ma na rantse. Kai ne ba ka rantse wa kowa ba, kuma dama ba ka da kunya. Gobe ka shiga ka yi masa irin abin da ka yi min."

Kafinta ya daɗe a tsugune. An dawo masa da matarsa da bakinta cikakke, kuma buƙatar farko da ta kawo masa da bakin ta wani ce.

"Jiya ya gaya miki," ya ce.

"Eh, jiya."

"Har yanzu kunnuwanku kuke gaya wa juna ke nan."

"Za ka je ko ba za ka je ba?"

Ya miƙe, gwiwoyi suna ƙara, ya kakkaɓe garin katako daga wandonsa.

"Zan je. A gaban kowa zan sa a tuɓe shi, har 'yar ciki. Amma ke za ki juya fuska bango."

"Allah ya shirye ka," in ji Inna, ta koma ɗaki ta bar ƙofar a buɗe.